Tsohon doki da tari: amsoshin tambayoyinku

Salam jama'a. Tunda hunturu ya kama saƙonnin masu dawaki sun yi yawa, kuma kusan duk magana ɗaya ce, tari da haki. Ga wasu daga ciki.

Tambaya daga Yakasai: Likita dan Allah kili na ne ya kai shekara 16, da shi nake hawan daushe, yanzu da ya ɗan taka sai tari, cikinsa na bugawa, har wani layi ya fito masa a gefen ciki. Amma yana ci lafiya lau.

Amsa: Alhaji wannan alamun fuka ne, irin asmar dawaki, ta fi kama wanda ya haura shekara 7. Layin da kake gani naman wurin ne ya yi kauri saboda kullum sai ya matsa ciki kafin ya fitar da iska. Ka ƙirga numfashinsa yana tsaye a huce, lafiyayye yana yin 8 zuwa 16 a minti ɗaya, zafin jikinsa kuma digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius, in zafin ya wuce haka to ba fuka kaɗai ba ce a kira likita.

Toh amma abin da mutane ba sa son ji, maganin yana cikin bargarka ne ba a kemis ba. Harawar nan da aka jibge kan rufi tun kaka, raɓa ta taɓa ta ta yi fumfuna, ka girgiza ta ka ga ƙurar da ke tashi, ita yake shaƙa duk lokacin da ya tura hanci yana ci. A tsoma harawa cikin ruwa dungurungum kamar minti 20 zuwa 30, ba yayyafi ba, a tsame a ba shi nan take, kar a bari ta kwana a jiƙe don lalacewa take. Dusa da ƙowa ma a dama su. A zuba masa a ƙasa kai na sunkuye majina ta samu hanyar fita. In yara za su yi shara su fitar da shi tukuna sai ƙura ta kwanta, kuma a kwashe kashi da ƙasar da ta sha fitsari kullum, zarnin nan da ke sa ka hawaye shi kwana yake a ciki. Bargoginmu na cikin gari yawanci ɗan lungu ne ba taga, wasu har da janareta a gefe. In akwai fili a ɗaure shi a waje ƙarƙashin rumfa, sai dai ranar da hazo ya yi tsanani. Fuka ba ta warkewa kwata-kwata, lallaɓa ta ake. Maganar hawa kuwa, in yana haki a tsaye kar a ɗora masa sirdi bana.

Tambaya daga Fagge: Ɗan ƙuru ne na yara, ya tsufa kuma yana da ƙiba. Wani ya ce in riƙa yi masa allurar dexa.

Amsa: Kar ka yi da kanka ɗan'uwa. Gaskiya ne dexamethasone na kwantar da kumburin huhu kuma muna amfani da ita, amma ƙuru mai ƙiba ko tsohon doki mai dogon gashi da ba ya zubewa, tana iya jawo masa kumburin cikin kofato ya kasa takawa, wlh wannan ya fi tarin muni. Likita ne zai auna nauyinsa ya tsara kwanakin. Su penisilin kuma ba sa yi wa fuka komai.

Tambaya daga Dorayi: Goɗiyata na tari, ina mata ɗura da jar kanwa kuma ina turara hayaƙi saboda sauro. Tare suke da jakina.

Amsa: Baba a daina hayaƙin. Ɗurar ma in ana ɗaga mata kai sama ko ana zubawa ta hanci a bari, ruwan na iya faɗawa huhu ya zama namoniya. Sannan jaki na ɗauke da tsutsar huhu shi ba ta damunsa sosai amma tana sa doki tari, a ba su maganin tsutsa ivermectin su biyun, a raba musu wurin kiwo.

Tambaya daga Gwale: Dokina ne majina mai wari ke fita ta hancinsa ɗaya kawai.

Amsa: A tsohon doki haƙori nake fara zargi, saiwar turamen sama tana kusa da kogon hanci, in ta ruɓe nan take zubowa. Sai an buɗe bakin an duba. Amma in hanci biyu ne da zazzaɓi da kumburi ƙarƙashin haɓa, a ware shi daga sauran da bokitinsa daban don irin wannan ciwon yana yaɗuwa, a nemo likitan dabbobi a ranar.