Karena ya yi ƙiba sosai, yaya zan rage masa ba tare da na cutar da shi ba?

Tambaya: Ina da karen gadi irin Alsatian, shekararsa shida, nauyinsa kilo 40. Ragowar abincin gida muke ba shi. Yanzu ko ɗan gudu ya yi sai haki. In rage masa abinci rabi ne? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, kada ka yanke masa rabi lokaci guda. Kare da aka horar da yunwa tsokarsa ce ke zagwanyewa tare da kitsen, sai ya raunana ya koma tonon shara.

Fara da tabbatar da cewa ƙiba ce. Shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu. In sai ka danna sosai kafin ka ji haƙarƙari, kuma daga sama ba ka ganin ƙugunsa ya shiga, kitse ne. Amma in cikin kaɗai ya kumbura, ko ya ƙara shan ruwa da fitsari, ko gashinsa na zubewa, kai shi wurin likitan dabbobi tukuna. Tsutsar ciki, ruwa a ciki da raunin ƙwayar tairod da ke wuya duk suna iya kama da ƙiba.

Lafiyayyen saurin ramewa shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako, wato giram 400 zuwa 800 ga kare mai kilo 40. In likita ya ce kilo 34 ya dace da shi, ka lissafa abinci da kilo 34 ɗin, ba da 40 ba: kusan kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 1,000 a rana, a raba safe da yamma. Saukowa zuwa kilo 34 zai ɗauki wata biyu zuwa huɗu.

Ragowar tuwo da shinkafa da miya mai mai da fatar kaza su ne tushen matsalar, ga albasa da ke cikin miya tana lalata jinin kare. Gara abincin kare na buhu, a auna shi a sikeli, domin gwangwani yana ruɗi. In yana roƙo, ba shi karas ko dafaffiyar kabewa ba gishiri. Duk wani ɗan lasa-baki kada ya wuce kashi 10 na abincin rana.

Inda shirin ya fi rushewa a cikin gida ne. Kai ka auna, yara su jefa masa ƙosai, mai gadi ya ƙara masa ƙashi da kitse da dare. Mutum ɗaya a ba alhakin ciyar da shi.

Kwance shi daga sarƙa. Tafiyar minti 15 sau biyu a rana, da asuba da bayan magariba, domin kare mai ƙiba zafi na saurin kayar da shi. Ƙara minti biyar kowane mako. Auna shi duk mako biyu. In wata ya wuce nauyin bai motsa ba, rage abincin da kashi 10 cikin ɗari.