Amsa ga 'yar'uwar da sikelinta ya tsaya bayan tiyatar rage ƙiba

Wa alaikumussalam, 'yar'uwa. Tun da asuba na ga tambayarki, na bari sai na sallami yara makaranta in zauna in ba ki amsa a tsanake. Kin ce rana ɗaya aka yi muku aikin ke da ƙawarki, likita ɗaya, yau wata goma ita ta sauke kilo 41, ke kin maƙale a 23. Wani kuma ya ce miki gado ne, ki tura yawunki ƙasar waje a duba ƙwayoyin gadonki kafin ki ci gaba da wahalar da kanki.

Ni ma an yi mini, a Alkahira, shekara huɗu ke nan. Irin naki ne, wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin a bar shi siriri kamar ayaba. Da kilo 128 na shiga, mafi ƙanƙantar da na taɓa gani a sikeli 93, yanzu ina yawo tsakanin 96 da 98. Bayan shekara ɗaya Yayata ta bi sahuna. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita a Kaduna ni a Kano, ba tukunya ɗaya muke ci ba, amma da muka zauna muka yi lissafi, abin da ta sauke da wanda na sauke kusan daidai suke idan aka auna da nauyin kowa. Wata maƙwabciyata kuwa da aka yi wa bayanmu, cikin shekara guda sai da aka sake mata ɗinkin kayanta sau biyu. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba.

To maganar gado gaskiya ce. A 2011 wasu likitoci a Boston ta Amurka sun kwatanta 'yan'uwa na jini da aka yi wa tiyatar karkatar da hanji, wani irin aikin rage ƙiba daban da namu, da kuma mutanen da ke zaune gida ɗaya ba tare da sun haɗa jini ba, kamar miji da mata. 'Yan'uwan jini saukarsu ta yi kama da juna sosai, masu cin tuwo ɗaya kuwa kowa da tasa. Ranar da likitana ya ba ni wannan labari na daina tuhumar kaina da lalaci.

Amma gwajin yawun da ake son ki biya, nan ne na ƙi. Ƙwayar gadon da suka fi tallatawa ita ce FTO, wadda aka gano alaƙarta da ƙiba a Ingila a 2007. Wanda ya gaji nau'in mai jawo ƙiba daga uwa da uba duka, a matsakaici kilo 3 ya fi wanda bai gada ba. Kilo uku fa, ba talatin ba. A 2015 aka nuna cewa wannan yankin na gado yana da hannu wajen ko ƙwayoyin kitse za su riƙa tara mai, ko su ƙone shi ya zama ɗumin jiki. Abin sha'awa ne, sai dai da aka bi waɗanda aka yi wa tiyata, wani binciken ya ga bambanci, wani bai gani ba. Kuma akasarin binciken nan a kan Turawa aka yi shi, ba a kan irinmu ba. Ƙiba irin tamu ƙwayoyin gado ɗaruruwa ne suka yi mata taron dangi, kowace da ɗan guntun abin da ta kawo. Takarda ɗaya ba za ta ce miki a kilo kaza za ki tsaya ba.

Akwai inda gwaji yake da amfani. Idan ƙibar ta fara tun kina 'yar shekara uku ko huɗu, da yunwar da ba ta jin magani, to wannan wata magana ce, likita zai iya neman a duba irin su MC4R, wadda ke aiki a ƙwaƙwalwa wajen sanar da mutum ya ƙoshi. Ke kuwa kin ce bayan haihuwa ta uku jikin ya buɗe.

Sannan ki daina auna kanki da kilon ƙawarki. Nawa take da shi ranar aikin, nawa kike da shi? Wadda ta shiga da 150 yawanci kilonta ya fi na wadda ta shiga da 105 zuba. Kashi cikin ɗari ake dubawa. Kuma wata goma bai kai ƙarshen tafiya ba. A wani babban bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987 kan waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, saukar ta fi kaiwa ƙasa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu. Waɗanda aka yi wa karkatar da hanji sun sauke kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu, bayan shekara goma suna riƙe da kashi 25. Wato ɗan dawowar ma ba gazawa ba ce.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. A wata na takwas ni ma sikelina ya tsaya cak har sati bakwai, na ɗora wa kakata ta wajen uba laifi, Allah ya jiƙanta, don ita ce mai jiki a gidanmu. Mai ba ni shawarar abinci ta ce kwana uku in rubuta duk abin da ya wuce maƙogwarona, har abin sha. Na ɗauki littafin lissafin ɗana na fara. Tuwo loma huɗu, wallahi ba ƙari. Amma shayi da madarar gwangwani kofi uku, kunun gyaɗa da yamma, zoɓo mai sukari a gidan suna, ga robar cincin a gefen keken ɗinkina da nake miƙa hannu ban ma san na miƙa ba. Ƙaramin tumbi yana tare nama da tuwo, ruwa-ruwa kuwa wucewa yake abinsa. Da na mayar da ƙwai, kifi, awara da alale su zama farkon abin da zan ci, na raba ci da sha da rabin awa, na fara zagaye unguwa bayan sallar asuba, kilo tara suka ƙara tafiya a hankali. Ban kamo maƙwabciyata ba, kuma na san ba zan kamo ta ba. Amma na ajiye maganin suga, gwiwoyina sun bar kuka, ina sallah a tsaye.

Kuɗin gwajin yawun nan ki kai su ɗakin gwajin jini: a duba miki sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da D, suga, da aikin maƙoƙo. Ki nuna wa likita duk magungunan da kike sha, don wasu alluran tazarar haihuwa da wasu magungunan damuwa suna riƙe nauyi. Ki yi rubutun kwana ukun nan, kada ki tsallake ranar biki. In kin gama ki turo mini ta akwati mu duba tare, na fi samun sarari bayan isha'i.