Lauya zai ci abinci a dokokin kuɗin yaƙin neman zaɓe?

Ƙanena, ka ce ka gama bautar ƙasa, kana son ka ƙware a dokokin da suka shafi kuɗin yaƙin neman zaɓe, kana tambaya ko wannan fanni zai riƙe lauya a Najeriya. Shi kaɗai dai ba zai riƙe ka ba. Sai ka haɗa shi da shari'ar zaɓe gaba ɗaya.

Dokoki kam akwai su. A 2022, sashe na 88 na Dokar Zaɓe ta wannan shekarar ya ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa kashe naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70. Dokar ta 2022 ta kuma hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. A dokar 2010 biliyan 1 ce ta shugaban ƙasa, wato adadin yana sauyawa duk lokacin da majalisa ta taɓa dokar, don haka kullum ka nemi gyara na ƙarshe kafin ka ba wani shawara. Sashe na 225 na kundin tsarin mulki ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga ƙasar waje, dole ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa.

To ina matsalar? Wa ke jin tsoro? A dokar 2022, hukuncin ɗan takarar da ya zarce iyaka tara ce ta kashi 1 cikin 100 na adadin da aka ƙayyade masa, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa kaɗai miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP, ba a ma zo maganar daliget ba. INEC ce doka ta ɗora wa gurfanar da masu laifin zaɓe, alhali aikin shirya zaɓen ma ya ishe ta. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta daban don wannan aiki. Mutumin da bai ga an kama kowa ba, ba zai biya lauya don ya kare shi daga kamu ba.

Inda abincin yake shi ne rigimar zaɓen fidda gwani da ƙararrakin bayan zaɓe. Can kuwa lissafin kwanaki ne ke kashe shari'a: kwana 14 na shigar da ƙarar kafin zaɓe, 21 na kai ƙara kotun zaɓe bayan an bayyana sakamako, 180 na yanke hukunci. Ka makara da kwana ɗaya, komai kyawun hujjarka ta tafi. Aikin kamar noma yake, akwai damina akwai rani, saboda haka kada ka raina shari'ar fili da ta kwangila a tsakani.

Amma kada ka watsar da abin da kake so, don waɗanda suka iya shi kaɗan ne. Jam'iyya dole ta kai wa INEC rahoton abin da ta kashe cikin wata 6 bayan zaɓe, da sa hannun mai binciken kuɗi. Na taɓa zama da ma'ajin wani ɗan takara, ya juye mini rasitai daga leda, na man fetur, na buga fosta, na hayar kujeru, rabinsu babu kwanan wata, kuɗin da aka raba wa 'yan jagaliya kuwa ko takarda babu. Lauyoyin da ke wurin duk gwanayen tsayuwa gaban alƙali ne, amma babu mai iya karanta bayanan asusun banki. Ka koyi aikin akanta ko yaya ne, zai bambanta ka da tsararrakinka. Ƙofofin shiga kuwa: ofishin babban lauyan da ke shari'ar zaɓe, sashen shari'a na INEC ko na sa ido kan jam'iyyu, ko ƙungiyoyin farar hula irin su CISLAC da PLAC da Yiaga Africa. Ni da zan zaɓa maka, ka fara da ofishin lauya, ka sha wahalar kotu tukuna.

Abu ɗaya nake roƙonka. Wata rana wani mai gida zai ce a bi da kuɗin kamfen ta asusun ofishinka, ko ka sa hannu ka karɓo masa tsabar kuɗi, tunda kai lauya ne ba wanda zai tambaya. Kada ka yarda. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓa ko biyan tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, kuma EFCC ta riga ta gurfanar da lauyoyi kan kuɗin da aka raba gab da zaɓen 2015. Ka ba shi shawara a rubuce, ka ajiye kwafi, kuɗin kuma ya bi ta asusunsa.