Me ya sa fim ɗin Lord of the Flies na 1990 bai samu karɓuwa ba?

Tambaya: Malam, mun karanta Lord of the Flies na William Golding lokacin da muke shirin jarrabawar WAEC. Kwanan nan na kalli fim ɗinsa na 1990, sai na ji kamar ba labarin da na sani ba ne. Haka sauran mutane suka gan shi, ko ni kaɗai ne?

Amsa: Ba kai kaɗai ba ne. Wanda ka kalla shi ne fim na biyu da aka yi da Turanci daga littafin, wanda Harry Hook ya ba da umarni, kuma masu sharhin fina-finai da yawa sun yi masa kallon hadarin kaji.

Matsalar daga tushe take. A littafin, wanda ya fito a 1954, yaran da jirginsu ya faɗi a wani tsibiri da ba kowa 'yan makarantar Ingila ne, har da 'yan ƙungiyar waƙar coci da Jack ke jagoranta. Yara ne da aka yi wa tarbiyya, shi ya sa komawarsu maharba masu kashe ɗan'uwansu take girgiza mai karatu. Hook ya mayar da su 'yan makarantar horon soja ta Amurka, masu ashar tun daga farkon fim. Yaron da ya iso tsibirin da halin faɗa, ina abin mamaki idan ya ɗauki mashi? Sannan ya bar wani babba da rai, matuƙin jirgin, ya haukace ya shige kogo, shi ne ya zama dodon da yaran ke tsoro. Golding kuwa gawar wani da ya diro da laima daga jirgin sama ya rataye a kan dutse ta zama dodon, don a gane cewa tsoron daga zukatan yaran yake fitowa. Roger Ebert, mai sharhin fina-finai na Amurka, ma cewa ya yi abin da ke faruwa kullum a titunan Amurka ya fi na fim ɗin muni.

Nemi na Peter Brook na 1963. Baƙi-da-fari ne, an ɗauke shi a Fuwato Riko da yaran da ba su taɓa fitowa a fim ba, har ya shiga gasar fina-finai ta Kan (Cannes) a Faransa. Sautinsa na da rauni, wasu yaran kuma kamar hadda suke karantowa. Amma ka lura da Piggy, yaron da sauran ke rainawa, riƙe da katantanwar teku yana roƙon a saurare shi, tabaransa a fashe. A ganina wannan ya fi duk launin da aka ɗauko a Jamaika don fim ɗin 1990.