Tambaya da Amsa: Me Ke Janye 'Ya'yan Muher Daga Harshen Iyayensu?

Tambaya: Malam, na ji an ce Gurage na ƙasar Habasha ba harshe ɗaya suke yi ba, kuma akwai wani reshensu, Muher, da 'ya'yansu ke komawa Amharanci. Shin yawan harsunan da suke ji ne ya jawo haka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, gaskiya ne Gurage suna ne da ya tattara harsuna da karuruwa da dama na dangin Larabci da Amharanci, kuma ba dukkansu ke fahimtar juna ba. Muher suna zaune a tsaunukan gundumar Muhor na Aklil, kudu maso yammacin Addis Ababa, kuma harshensu yana da kari biyu, adi-bet da ana-bet.

Sai dai ban yarda cewa jin harsuna da yawa ne ya jawo matsalar ba. Tun kaka da kakanni Muher suke kewaye da maƙwabta irin su Ezha da Kistane da Mesƙan, ana cin kasuwa tare ana auratayya, mutum ya iya harshen maƙwabcinsa ba tare da ya saki nasa ba. Abin da ya sauya al'amari shi ne shigowar harshen da ke riƙe da mulki. Bayan da Sarki Menelik na Biyu na Habasha ya ci yankin da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, Amharanci ya zama harshen hukuma, daga baya kuma na makaranta.

Ga kuma cin rani. Ƙasar Gurage tana da cunkoson jama'a, gonaki ƙanana ne, abin dogaro kuwa shi ne enset, wata shuka mai kama da ayaba wadda ake sarrafa jikinta a yi abincin da ake kira koco. Saboda haka matasa suka daɗe suna kwarara birane, har Gurage suka yi suna a kasuwar Merkato ta Addis Ababa. A nan ne zaren yake tsinkewa, domin iyayen da ke son ɗansu ya ci gaba sukan yi masa magana da Amharanci tun yana goye, sai ya tashi yana jin Muher sama-sama, idan an koma ƙauye bikin Meskel, wato idin gicciye na Kiristocin Habasha, a watan Satumba kakarsa ta yi masa magana ya mayar mata da Amharanci. Wanda ya ga yadda Hausa ke haɗiye ƙananan harsuna a jihar Bauchi ba zai yi mamaki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne makaranta. Tsarin mulkin 1995 ya daidaita matsayin harsunan ƙasar, manufar ilimi ta 1994 kuma ta ba da damar koyar da yaro da harshen uwa, amma yankin Gurage ya ci gaba da Amharanci a firamare, musamman saboda wahalar zaɓar kari ɗaya da kowa zai amince da shi. A 2021 an shigar da sababbin haruffan rubutun Gurage cikin Unicode, tsarin haruffan na'urori na duniya, wanda hakan ya sauƙaƙa rubuta harsunan a waya da kwamfuta, amma a ganina amfanin haruffan ga Muher ya rataya ne a kan shigar harshensu aji.