Wace bindiga ta dace da farautar fezan da kare?

Tambaya: Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka. Abokan aikina sun gayyace ni farautar fezan a Dakota ta Kudu, kuma da karnuka za a fita. Ban taɓa mallakar bindigar farauta ba. Wacce zan saya, kuma yaya ake bin kare a dawa?

Amsa: Malam, kafin ka je shago, fara tambayar abokan naka wane irin kare za su zo da shi, domin kare ne yake yanke nisan da za ka yi harbi, nisan kuma shi yake zaɓen bindiga.

Fezan ɗan dangin makwarwa ne, asalinsa daga Asiya, kuma an kai shi Dakota ta Kudu a 1908. Halinsa gudu a ƙasa: yana ratsa ciyawa kamar zabo, ba ya tashi sai ya rasa mafita. Karnukan da ake bin sa da su iri biyu ne. Labrador da springer suna kora shi ne har ya tashi, saboda haka dole su yi aiki kusa da kai, cikin mita 20 zuwa 25. Su German shorthair da Brittany kuwa suna yin nisa, idan suka ji ƙanshin tsuntsu sai su ƙame su nuna wurin da hanci, ka ƙaraso ka tayar da shi da ƙafarka. A bayan mai ƙamewa harbin na kusa ne. A bayan mai kora, musamman a ƙarshen kaka da tsuntsaye suka yi wayo, yakan kai mita 35.

Ga wanda zai fara, geji 12 nake ba da shawara (geji shi ne ma'aunin faɗin bututun bindiga, kuma 12 ya fi 20 faɗi). Zakaran fezan yana da taurin rai, gashinsa da kauri, kuma galibi bayansa yake ba ka. Geji 12 yana ɗaukar ƙwayoyin darma giram 35 a harsashi ɗaya, geji 20 kuwa giram 28 ya saba ɗauka. Amfanin 20 rashin nauyi ne: kusan kilo 2.8, alhali 12 yakan kai 3.3. Wannan rabin kilon ba wasa ba ne ga wanda zai wuni yana keta ciyawa, domin gajiyayyen hannu yana jinkirin ɗaga bindiga. Sai dai bindiga marar nauyi ta fi dukan kafaɗa. Tsawon bututu inci 26 ko 28 ya wadatar.

Mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, irin Browning Citori ko Beretta 686, ta fi kwanta mini a rai: in ka karya ta, wato ka buɗe ta daga tsakiya, kowa ya ga ba ta tashi, kuma kowane baki da nasa matsin. Tana da tsada. Remington 870 da Mossberg 500 da ake ja da hannu suna da sauƙin kuɗi da juriya, matsalarsu ita ce sabon hannu yakan kasa ja har ƙarshe, kwanso ya maƙale.

Matsin baki shi ne ɗan bututun da ake murɗawa a ƙarshen bindiga don ya tsara bazuwar ƙwayoyi. Sa mai alamar IC (matsi kaɗan) a bakin farko, mai M (matsakaicin matsi) a na biyu. In baki ɗaya gare ka, IC a bayan kare mai ƙamewa, M a bayan mai kora. Ka bar mai F (cikakken matsi): daga kusa ko ka kuskure, ko ka dagargaza naman. Ƙwayar darma lamba 5 ta dace da yawancin kaka. A filayen gwamnati da yawa an hana darma, sai ƙarfe, kuma tunda ƙarfe bai kai darma nauyi ba, sai ka ɗauki lamba 3 ko 2, waɗanda suka fi lamba 5 girman ƙwaya.

Abin da ya fi suna da farashi shi ne bindigar ta zauna maka. Ka sa rigar sanyin da za ka fita da ita, ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kunci, ka buɗe. In idonka bai miƙe bisa bututun ba, nemi wata. Sannan ka harbi faffaɗar takarda daga mita 30 ka ga inda ƙwayoyin suke taruwa.

A dawa, ku fuskanci iska don ƙanshi ya riƙa zuwa wa kare. Ka lura da wutsiyarsa: in ta fara kaɗawa da sauri, tsuntsu na kusa. Kada ka harbi tsuntsu a ƙasa, kada ka harbi wanda ya tashi ƙasa-ƙasa. Sai ka ga sararin sama a ƙarƙashinsa, domin karnuka suna tsalle su bi shi. Zakaru kawai doka ta yarda a harba, uku a rana a Dakota ta Kudu. Zakara yana da jar fuska, farin zobe a wuya da doguwar wutsiya, kuma yakan yi ƙara in ya tashi. Mace launin ƙasa ce. Wutsiyar nan ce take yaudarar ido, mutum ya harbi bayan tsuntsu. Kafe idonka a kan zoben wuya, kuma kada ka tsai da bindiga lokacin da kake jan kunama. In ya faɗi, ka riƙe wurin da ido, ka tura kare nan take, domin mai karyayyen fiffike gudu zai yi. In Musulmi ne kai, ka yi bisimilla yayin harbi, wanda ka tarar da rai kuma ka yanka shi.

Ana buɗe kakar farautar fezan ranar Asabar ta uku ga Oktoba, kuma ranar takan yi zafi, don haka ka ɗauki ruwan kare, ka duba tafin ƙafarsa da ƙirjinsa saboda ƙaya da wayar shinge. Ka sa hula da riga masu launin lemo mai haske. Lasisin baƙo na Dakota ta Kudu za ka yanka, na Minnesota ba ya aiki a can. In da bizar zaman wucin gadi kake, ka mallaki lasisin farauta kafin ka taɓa bindiga, domin dokar tarayya ta hana irinka riƙe ta sai da shi.