Tsohon jirgin ruwa na katako: abin da za ka duba kafin ka zaro kuɗi

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukkansu daga 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje, kuma duk a kan tsofaffin jiragen shaƙatawa na katako masu ƙirar jirgin masunta, waɗanda ake kira tirola. A bakin kogi na tashi a Yawuri ina kallon Sarkawa suna toshe kwalekwale, daga baya na yi shekaru ina cin abinci a wata ma'aikatar gyaran jirage a gabar Sikotland. Shi ya sa tambayoyin suka taɓa min zuciya.

Tambaya ta farko daga wani ɗan'uwa ce a kusa da Seattle, Amurka: "Malam, na ga jirgi samfurin Grand Banks mai ƙafa 36, ƙirar 1970, na katako, a kan dala 18,000. Irinsa na faiba, wato zaren gilashi da ake daskarar da shi da gam, ya ninka haka sau uku. Fentinsa na walƙiya, injin bugu ɗaya yake tashi. Mai shi ya ce akwai masu jira. In biya?"

Ɗan'uwa, ka dakata tukuna. Jirgin da ka gani ɗan asali ne, ban musa ba. Kamfanin American Marine ne ya ƙera shi, wanda Robert Newton da 'ya'yansa John da Whit suka kafa a Junk Bay ta Hong Kong a 1956. A 1963 aka sa wani jirgi mai suna Spray a ruwa, zanen Kenneth Smith, daga gare shi kuma zuriyar Grand Banks ta fito. Falankin jikinsa mahoganin Filifin ne, haƙarƙarinsa wani itace mai tauri da ake kira yakal. A 1973 kamfanin ya koma faiba. Ka ga kenan duk wani Grand Banks na katako ya haura shekara 50 a duniya, kuma lafiyarsa a yau tana hannun mutanen da suka riƙe shi ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci na shekara biyar, kai ne za ka biya.

Abubuwa biyun da ka yaba su ne mafi ƙarancin ba da labari. Fenti aikin mako guda ne. Injin kuwa, in na asali ne, mai yiwuwa Ford Lehman ne na dizal mai silinda 6 da ƙarfin doki 120, inji mai haƙuri wanda har yanzu ana samun kayan gyaransa. Tafiyar jirgin ba ta cika wuce kilomita 15 a awa ba, don haka ba a cika wahalar da injin ba.

Abin da ke kashe jirgin katako ruwan sama ne. Mutane kan yi mamaki in na faɗi haka, amma ruwan gishiri yana hana ƙwayoyin ruɓa sakewa, shi kuwa ruwan daɗi da ya samu kafa ya kwanta cikin katako, ga ɗumi ga rashin iska, shi ke raya su. Saboda haka daga sama za ka fara. Duba kusurwoyin tagogi na ƙasa, da inda bangon ɗaki ya haɗu da daɓen jirgi, da bangon baya, da duk inda aka huda katako aka dasa ƙarfe. Ka tafi da ƙaramar guduma da basilla. Katako mai lafiya in ka ƙwanƙwasa yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa kamar ka bugi buhun dusa. Inda basilla ta shige ba gardama, ka sa alama. Sannan ka shiga ciki ka buɗe kowace ma'ajiya ka sansana. Hanci yana riga ido gane ruɓa.

Daga nan ka sauka ɗakin inji da tocila ka haska saman tankunan mai. Na baƙin ƙarfe ne, kuma ruwan da ke ɗiga daga daɓe kansu yake sauka, sai tsatsa ta ci su daga inda ido ba ya kaiwa. Canza su babban aiki ne, don sau da yawa sai an ɗaga inji ko an yayyanka tankin a ciki kafin ya fita.

Abu na uku da za ka duba, kusoshi. Dubban sukurorin tagulla ne ke riƙe da falanki a jikin haƙarƙari, kuma ba a sanin halinsu sai an zare. Dole a fitar da jirgin tudu, a zaro wasu daga ƙasan layin ruwa, musamman falankin da ke maƙwabtaka da ƙashin bayan jirgi da wajen goshi. Wanda ya fito da kaurinsa, madalla. Wanda ya sirance kamar tsinken sakace, ko kansa ya ɓalle, yana gaya maka halin 'yan'uwansa ne. A nan ne kuma za a duba ɓarnar tsutsar jirgi, wadda a gaskiya dangin kawa ce, tana shiga ta huda ƙarama kamar ta allura ta rarake katako daga ciki a duk inda fentin ƙasa ya goge.

Wannan duka ba aikinka kai kaɗai ba ne. Ka ɗauki ƙwararren mai duba lafiyar jirgi wanda ya san katako, kai za ka zaɓe shi kuma kai za ka biya shi, ba dillali ba. Kafin nan ma ka buga wa kamfanin inshora da masu hayar wurin ɗaure jirgi waya, domin da yawansu ba sa karɓar tsohon jirgin katako sai da sabon rahoton dubawa, wasu ma ba sa karɓa sam. Sa'arka ɗaya, yankinku na da masu sana'ar. Port Townsend na nan kusa, garin da ke bikin jiragen katako kowane Satumba tun 1977, ga kuma makarantar koyon ƙira a Port Hadlock.

Shawarata ita ce ka ba da kafin alƙalami bisa sharaɗin za a mayar maka in dubawa ta nuna aibi. In mai shi ya ƙi a zare sukuru, ka yi masa sallama, cinikin biri a sama yake so ku yi. In komai ya yi kyau, ka tanadi aƙalla kwatankwacin kuɗin sayen don shekara biyun farko. In kuwa aikinka ba zai bar ka ka riƙe takardar goge katako a ƙarshen mako ba, na faiba ya fi maka, ko da ya fi tsada. Ban faɗi haka da daɗin rai ba, don ni na katakon nake so.

Ta biyu daga wani malami a Ingila: "Daɓen jirgina na katakon tik ne, ya sirance, kawunan sukuru sun fito, ruwa na ɗiga kan gado. Kuɗin da kafinta ya yanka min na sabon tik ya fi kuɗin jirgin. Mece ce mafita?"

Malam, kafintan bai cuce ka ba. Tik mai kyau na dajin Myanmar ne, kuma tun bayan juyin mulkin 2021 Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya suka sa wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi. Duk wanda ya kawo maka shi da araha, ka tambayi takardunsa. Akwai tik na shuka, amma da wuri ake sare shi, bai kai na daji mai da tauri ba.

Madadin da maƙeran Turai suka daɗe da sani namu ne na gida, wato iroko, wanda Bahaushe ke kira loko. Yana jure ruwa ƙwarai. Aibinsa shi ne yakan murɗe in ba a zaɓi mai miƙaƙƙen zare ba, yana dakushe kayan aiki, ƙurarsa kuma tana kama ƙirji da fata, sai da takunkumin hanci. Na sha tsayawa a gaban tarin katako a Sikotland ina shafa loko da sapele, wanda sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci, ina tuna cewa da yawa daga abin da ke sheƙi a jiragen Turai daga dazuzzukanmu ya fito.

Amma da ni ne, ba zan mayar da tik ko loko ba. Zan ɓamɓare tsohon duka, in canza filawud ɗin da ke ƙasa a inda ya ruɓe, in toshe kowace huda, in shimfiɗa ƙyallen faiba da gam ɗin efoksi, in bi da fenti mai yashi don kada a zame. Masu son asali za su ɓata rai. Sai dai kowane sukuru a daɓe ƙofar ruwa ce, kuma wannan hanyar na rufe dubbai a lokaci guda. Ka bar loko ga madafar gefe da matakala, inda ido zai more shi.

Ta uku gajeruwa ce: "An ce in lulluɓe jikin jirgin duka da faiba in huta da yoyo."

Kada ka yarda, gyaran gangar Auzinawa ne. Filawud ba ya motsi, shi ya sa faiba ke zama a kansa. Falankin jiki kuwa yana kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, da wannan kumburin ne ma yake matse audugar da aka cusa a tsakani. Faiba ba ta bin sa, sai ta saki, ruwa ya shiga tsakani ya rasa hanyar fita. Ka nemi mai toshiya ya ciro tsohuwar auduga ya buga sabuwa, bayan an tabbatar kusoshi na riƙe. Kuma kada ka bar jirgin ya daɗe a tudu cikin rana.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa a Aberdeen: "Maigidana ya sayi tsohon jirgin masunta da aka mayar na shaƙatawa. An ce a St Monans aka ƙera shi. Yara na son sanin tarihinsa. Ma'aikatar na nan?"

Hajiya, wannan tambayar ta fi min kowacce daɗi, ko da yake amsar na da ɗaci. In a St Monans ne, to mai yiwuwa gidan James N. Miller ne, ma'aikatar da ta yi sama da shekara 200 tana ƙira a wannan ƙaramin gari na yankin Fife, kafin a rufe a 1992. Haka labarin yake kusan ko'ina. Ƙarfe da faiba sun karɓe kasuwa, sannan shirin rage jiragen kamun kifi na shekarun 1990 ya biya masunta kuɗi a kan a farfasa jiragensu, lafiyayyu da yawa suka tafi a haka. Naku yana cikin waɗanda suka tsira. Can Hong Kong ma, bakin ruwan Junk Bay an cike shi da ƙasa ya zama unguwar dogayen benaye ta Tseung Kwan O, filin da kamfanin Cheoy Lee ke ƙera jirage a Penny's Bay kuwa nan aka buɗe Disneyland a 2005.

Ku fara da jikin jirgin. Ku nemi farantin maƙeri a ɗakin tuƙi, da lambar da akan sassaƙa a babban ginshiƙin da ya gitta ƙarƙashin daɓe, da tsohuwar lambar rajista wadda wani lokaci takan bayyana in an kankare fentin goshi. Haruffan farkon lambar rajistar suna nuna tashar da aka yi ta: KY ta Kirkcaldy ce, BCK ta Buckie, PD ta Peterhead, FR ta Fraserburgh. Da wannan lambar za ku je gidan tarihin kamun kifi na Anstruther, wanda ke kusa da St Monans, suna da hotuna da tsofaffin kundaye masu jera sunayen jirage da masu su. A can ne kuma yara za su ga Reaper, jirgin da ya haura shekara 120.

Ki gaya wa maigida abu ɗaya daga gare ni. Irin waɗannan jirage falankin itacen larch ne a kan haƙarƙarin itacen oak, da kusoshin baƙin ƙarfe, shi kuwa oak yana da tsamin da ke cin ƙarfe. Duk inda ya ga jan hawaye na tsatsa na gangarowa a kan fenti, ya sa a duba. In an zuba siminti a cikin jirgin don nauyi, a fasa wani sashe a ga abin da ke ƙarƙashi.

Sannan ku nemi tsofaffin. Waɗanda suka shiga koyon aiki a waɗannan ma'aikatu suna samari yanzu sun manyanta sosai, amma suna zuwa bikin jiragen gargajiya na Portsoy kowace bazara, ba nisa daga gare ku. Ku tafi da hoton jirgin da na ginshiƙin, ku bar yaran su yi tambaya da bakinsu, ku nemi izini ku naɗi murya a waya. Na taɓa ganin wani dattijo ya dubi yadda aka haɗa katako biyu a hoto ya faɗi wanda ya yi aikin a cikin abokansa. Ku je bikin bana, kada ku ce sai baɗi.